Dashen attarugu daga wurin mai rainon itatuwa

Idan a buhu ko bokiti za ku shuka attarugu a tsakar gida, ku sayi dashe, ku bar iri na fakiti. Attarugu yana da nawa wajen tsiro, yakan haura mako 2 kafin ya leƙo, kaji kuma ba sa jira.

Nawa dashen na saye shi wurin wani dattijo mai rainon itatuwa a bakin titi a Zariya. Baba bai yi mini ciwon baki ba. Ya zazzage leda ɗaya ya nuna mini saiwar, fara tas, ba ta dunƙule ba. Ya ce, "Hajiya, ki huda gindin buhun, attarugu ba ya son ruwa ya kwanta masa." Wajen taki kuma ya hana ni yuriya, wai ganye za ta tara mini, in nemi ruɓaɓɓen kashin kaji da ɗan takin zamani na NPK 15-15-15.

Sun kama, sun yi 'ya'ya masu ƙamshi da yajin da guda ɗaya ya ishi tukunyar miyar kuka. Zubar furen da suka yi a zafin Afrilu ba laifinsa ba ne, halin attarugu ne.

Inda na ga gazawarsa: babu suna a jikin ledojin. Cikin abin da ya ba ni biyu shambo ne, ɗaya kuma ya zo da farin ƙuda a bayan ganye, sai da na yi ta fesa jiƙon ganyen darbejiya. Zan koma, amma ganye-ganye zan juya kafin in biya.