Parasetamol a lafiyayyar hanta da kuma a hanta mai kitse

Hajiya, kin ce an yi wa maigidanki hoton ciki a nan Damagaram, likita ya ga kitse ya taru masa a hanta alhali bai taɓa shan giya ba, kuma ga shi ba ya rabuwa da parasetamol saboda ciwon baya. Tambayarki ita ce ko maganin zai yi masa illar da ba zai yi wa mai lafiyayyar hanta ba. Allah ya ba shi lafiya.

A lafiyayyar hanta, mafi yawan parasetamol ana sarrafa shi ne ya fita ta fitsari ba tare da cutarwa ba. Ɗan abin da ya rage shi ne wani sinadarin hanta mai suna CYP2E1 ke juyawa ya zama guba da ake kira NAPQI, sai glutatiyon, wani sinadarin kariya da hanta ta tanada, ya kama gubar ya kashe kaifinta. Muddin babban mutum bai wuce giram 4 a awa 24 ba, wato ƙwaya 8 mai miligiram 500, tanadin yakan wadatar. Idan aka zarce, sai ya ƙare, gubar ta shiga cin naman hanta.

Hanta mai kitse, wadda kitse ya haura kashi 5 cikin 100 nata, hanya ɗaya take bi da maganin, amma da gajiya take fara aikin. Sukarin shayi da lemun kwalba da soye-soye da ƙiba da ciwon sukari su ne suka fi jawo ta, kuma a irin wannan hanta sau da yawa CYP2E1 yakan ƙaru, alhali glutatiyon ya riga ya sha aiki wajen yaƙi da ɓarnar kitse. Binciken da aka yi kan marasa lafiya a asibitocin Amurka ya nuna cewa idan an sha fiye da ƙima, masu kitsen hanta sun fi saurin samun mummunan rauni. Gwajin ɓeraye kuwa ya rabu biyu, wasu sun fi cutuwa wasu ba su fi ba, gwargwadon abincin da aka ciyar da su da nisan da cutar ta yi. Saboda haka ni a ganina tambayar da ya kamata ki yi wa likita ita ce a wane mataki hantar take: kitse ne kawai, ko ta kumbura, ko har ta yi tabo ta ƙandare? Mai kitse kawai yakan ɗauki ƙimar da aka saba, amma wanda tasa ta ƙandare likitoci kan tsayar da shi a wajen giram 2 a yini.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda ake zarce ƙima ba a sani ba. Mutum ya haɗiyi Doliprane mai miligiram 1000 da safe, ya jefa Efferalgan a kofi yana kumfa da rana, ya jiƙa Fervex da dare saboda mura, sannan ya ƙara da ƙwayar da ya saya wajen mai tire a kasuwar Dole, bai san duk parasetamol ne da suna daban-daban ba. Idan zazzaɓi ya hana shi cin abinci, ko yana azumi, glutatiyon yakan ƙara raguwa, kuma nan ne hanta mai kitse ke riga lafiyayya durƙushewa. A ranar farko bayan an wuce ƙima da ƙyar a ga wani abu ban da tashin zuciya. Ciwon gefen dama da shawara sai bayan kwana biyu ko uku. Makarin gubar parasetamol, N-asetilsistin, ya fi aiki cikin awa 8 na farko, don haka da zarar an gane an wuce ƙima a nufi Babban Asibitin Zinder ko da mutum yana tafiya da ƙafarsa.

Kada kuma tsoro ya sa maigidanki ya koma diklofenak ko ibuprofen da kansa, domin suna taɓa ciki da ƙoda, kuma ga wanda hantarsa ta ƙandare sun fi parasetamol haɗari.

Ki tattara dukan kwalayen maganin da ke ɗakinsa ki kai wa likita, ki roƙi a yi masa gwajin jini na hanta da na ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a ƙasarmu. Idan yana da ƙiba, rage kashi 7 zuwa 10 cikin 100 na nauyinsa yakan rage kitsen da kumburin, kuma wurin farawa shi ne sukarin da ake zuba masa a shayi.