Kukan lampo: zuwa da ƙafa ko rubuta takarda?

'Yan kasuwar Tawa sun sha tambayata: in an ɗora ma mutum lampo, wato haraji, wanda ya fi ƙarfin cinikinsa, ko takardar NIF (lambar shaidar mai biyan lampo) ta maƙale, ya je biron lampo da kansa ne ko ya rubuta?

Zuwa da ƙafa ba ya cin komai sai kuɗin kabu-kabu da rufe shago rabin yini. Ka faɗi damuwarka da Hausa, in kuskuren suna ne ko na lamba a gyara nan take. Amma magana iska ce. Gobe a ce wanda kuka yi da shi ya tafi hutu, ka koma farko.

Takarda kuwa da Faransanci ake rubuta ta, wataƙila sai ka biya marubuci, kuma amsa tana jan ƙafa. Sai dai tana zama shaida. Ka sa lambar NIF, ka haɗa fotokopin takardun biyanka, na ainihi ka riƙe su gida. Kada ka fito sai an buga hatimi da kwanan wata a kan kwafinka. Nan mutane da yawa ke sakaci.

Mai ƙaramin kuskure ya je da ƙafa. Wanda ke jayayya kan adadin kuɗi ya rubuta, kuma da wuri, don ƙorafi yana da wa'adi.