Na'urar jan gaba da na saya: kayan ba laifi, mai sayarwar ne ba ya riƙe amana

Shekarata 52, ina sayar da atamfa a Kantin Kwari, kuma na daɗe da ciwon suga. Bara da azumi na fara jin wani ƙulli mai tauri a saman gabana, kamar an cusa ƙwallon dabino a ƙarƙashin fata. In ya miƙe sai ya lanƙwashe sama, ga zafi. Na sha maganin sanyi da na basir har na gaji, kun dai san masu lasifikar nan, komai a wurinsu basir ne. Sai da uwargida ta matsa sannan na je wurin likitan mafitsara. Ya ce sunan abin Peyronie, sunan wani likitan Faransa ne da ya yi bayaninsa a 1743. Tabo ne ke fitowa a tantanin da ya lulluɓe inda jini ke cikawa, shi kuma tabo ba ya talewa, sai ya janye gaban zuwa ɓangarensa. Ba daji ba ne, ba kuma a ɗaukarsa wurin mace, amma masu suga sun fi gamuwa da shi. Tiyata sai zafin ya tafi, lanƙwasar ta tsaya wuri ɗaya na watanni. Kafin nan ya ce in gwada na'urar ja.

A WhatsApp na samu mai sayarwa, a nan Kano yake. Kuɗin kun san shi, ba sauƙi. Abu ɗaya na roƙe shi: "Malam, don Allah ka rufa min asiri, a naɗe kayan sosai." Ya ce, "Alhaji, ko ni da na naɗe ba zan gane ba."

Ranar Asabar bayan la'asar, shago cike da 'yan sari daga Nijar, sai ga ɗan adaidaita sahu yana ƙwala sunana tun daga bakin layi. Kwali ne a farar leda shara-shara, hoton abin a jiki ɓaro-ɓaro, ko makaho ya shafa ya gane. Ɗan yayata da ke tsaron shago shi ya karɓa. Ya juya kwalin, ya sunkuyar da kai, ya miƙo min da hannu biyu, "Kawu, ga saƙonka." Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Maƙwabcina kuwa bai bari ta wuce ba: "Alhaji, amarya za a ƙaro ne ba mu da labari?" Yau wata biyar, in na wuce layin sai wani ya yi gyaran murya. Yaron nan har yanzu ba ma haɗa ido sosai. Da na kira mai sayarwar, cewa ya yi baƙar ledarsu ce ta ƙare. Baƙar leda ta ƙare a Kano!

Ita na'urar, gaskiya ta yi aiki. Zobe ne da sanduna biyu masu sifirin, da ɗamarar roba da ke riƙe kan. Takardar ciki da rubutun Caina take, sai likita ne ya nuna min yadda ake ɗaurawa, ya ce in na ji wurin ya yi sanyi ko ya mutu in kwance nan take. Kullum bayan isha nake sawa. Bayan wata huɗu ya auna, lanƙwasar daga digiri 50 ta dawo wajen 40. Zafin ma ya tafi, ko da yake shi ya ce zafin dama yakan tafi da kansa, kada in ba na'ura ladan da ba nata ba. Har na fara cewa zan yafe wa mutumin.

Sai zafin Afrilu ya shigo. Zufa ta sa ɗamarar santsi, sati biyu ta tsage. Ashe guda ɗaya ce tal a kwalin, bayan ya rantse min biyu ne. Na tura saƙo sau bakwai, yana karantawa, shiru kake ji. Ƙarshe wurin mai gyaran takalmi na je a Sabon Gari, inda ba a san ni ba, na ba shi tsohuwar ya yanko min irinta. Ya tambaye ni ta mene ce, na ce ta injin ba-haya ce.