Hattara da masu tallar "maganin naitiret na dare ɗaya" ga tankin murjani

Jama'a masu kiwon kifin teku da murjani a tankin gilashi, a yi hattara da wani magani da ake talla a Facebook da WhatsApp da TikTok, wanda ake cewa yana sauke naitiret, wato sinadarin dattin da ke taruwa a ruwan tanki, daga 50 zuwa sifili cikin awa 24. Wani lokaci farin ruwa ne a robar da ba ta da tambari, wani lokaci shuɗi, wani lokaci kuma 'yan ƙwayoyi ne kamar gero a jakar raga. Suna yakan canza, lambar waya ma haka, amma alƙawarin ɗaya ne: ba sai ka canza ruwa ba, ba sai ka ƙara sayen gishiri ba. Nan ne ake kama mutane, domin gishirin tankin murjani daga waje ake kawo shi, kuma duk wanda ya taɓa sayen bokiti ɗaya ya san yadda yake cin aljihu.

A fara da lissafi, don shi ne ke tona asirin tallar. Idan tanki na ɗaukar lita 300, gwaji kuma ya nuna 50 ppm, wato miligiram 50 a kowace lita, to akwai giram 15 na naitiret narke a cikin ruwan. Naitiret ba ya tashi da tururi, gawayin tace ruwa ba ya riƙe shi, kuma ba ya kwantawa a ƙasa balle a zuƙe shi da tiyo. Asalinsa abinci ne da kashin kifi: su ruɓe su zama amoniya, bakteriya su mai da ita naitirait, wasu bakteriyar su mai da shi naitiret. Hanyoyin fitarsa sanannu ne. Ko a kwashe shi tare da ruwa, ko ciyawar teku da murjani su ci shi, ko bakteriya su ci shi sannan sikima, wato na'urar da ke fitar da datti da kumfa, ta kwashe su, ko kuma bakteriyar da ke zaune can cikin dutse inda babu iskar oksijin su mai da shi iskar naitirojin. Ban da canjin ruwa, dukkansu aikin makonni ne. Saboda haka duk mai cewa murfin kwalba biyu zai kawar da giram 15 kafin gari ya waye, a tambaye shi ina giram 15 ɗin ya tafi.

Abin da ya fi ruɗin mutane shi ne bidiyon gwaji: a nuna kwalbar gwaji ta yi ja jawur, a ɗiga magani, a sake gwadawa, sai ga ruwa kusan fari. Wannan ba shi da wuyar haɗawa. Yawancin kayan gwajin naitiret suna fara mai da shi naitirait ne, sannan wani sinadari ya haɗu da naitirait ɗin ya ba da launi. Duk abin da ya hana launin fitowa zai sa a ga kamar naitiret ya tafi alhali yana nan daram. Bitamin C na yin haka. Ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje na asibiti sun san yana ɓata sakamakon naitirait a gwajin fitsari. Akwai kuma hanyar da ba ta buƙatar komai. A kayan gwajin kamfanin API, dole ne a girgiza kwalba ta biyu da ƙarfi na daƙiƙa 30, a girgiza bututun gwajin na minti ɗaya, a jira minti biyar. Wanda ya ƙi girgiza kwalba ta biyu zai sami lamba ƙasa da gaskiya, domin garin da ke yin aikin yana kwance a gindin kwalbar. Mai bidiyo zai girgiza a gwajin farko, ya ƙi girgizawa a na biyu, kuma ba za ka lura ba.

Wata dabarar ta fi wannan wayo. Ana rubuta sakamako iri biyu: naitiret gaba ɗaya, NO3, ko naitirojin da ke cikinsa kaɗai, NO3-N. Tsakaninsu ninki 4.4 ne. Ruwan da ya nuna 44 a ma'auni na farko zai nuna 10 a na biyu, ruwa ɗaya, ba a taɓa shi ba. In an nuna maka "kafin" da wata na'ura, "bayan" da wata, duba harafin da ke gefen lambar.

To me ke cikin kwalbar? Abin da ya fi sauƙin haɗawa shi ne ruwan sukari, ko ruwan khal, ko giya. A nan akwai ƙwayar gaskiya, shi ya sa damfarar ke da haɗari. Ciyar da bakteriya da irin waɗannan abubuwa hanya ce da masu tankin murjani suka daɗe suna bi, kuma akwai na kamfani da aka yi don haka, kamar NO3:PO4-X na Red Sea, mai rubutaccen awo na 'yan mililita ga kowace lita 100. Amma sharaɗinta sikima mai aiki sosai, da farawa da ɗan kaɗan. Ɗan damfara yana son ka ga canji da wuri don ka sake saye, sai ya ce ka zuba da yawa. Bakteriya su hayayyafa lokaci ɗaya, ruwa ya yi fari kamar an zuba madara, su shanye iskar oksijin. Ruwan teku a zafin digiri 26 bai riƙe miligiram 7 na oksijin a lita ba, ƙasa da ruwan daɗi da ke riƙe kusan 8, kuma da dare, da fitila ta mutu, murjani da gansakuka su ma shaƙar iskar suke yi maimakon samar da ita. Yanzu a haɗa da halin da muke ciki: a ɗauke wuta ƙarfe biyun dare a watan Afrilu a Kano ko Abuja, famfo ya tsaya, sikima ta tsaya, ruwa ya yi ɗumi. Da asuba manyan kifaye ne za a fara tararwa a ƙasa. In an kira mai maganin, cewa zai yi wutar ce ta kashe su.

Shuɗin ruwan ya fi muni, domin yana iya zama sinadarin jan ƙarfe irin wanda ake kashe gansakuka da shi a kududdufi da wurin ninƙaya. Koren da ya dame ka zai mutu, gilashi ya yi tas, ka ɗauka naitiret ya sauka. Amma jan ƙarfe guba ne ga murjani da jatan lande da dodon koɗi. Awon da ake yi wa kifi magani da shi a tankin jinya, wajen 0.15 zuwa 0.2 ppm, ya isa ya kashe su. Kuma yana shiga dutse da yashi ya zauna, ya riƙa fitowa a hankali, har ya zama duk murjanin da aka sa bayan watanni yana lalacewa ba a san dalili ba. Gansakukar da ta mutu kuwa ruɓewa za ta yi, naitiret ya ƙaru.

'Yan ƙwayoyin jakar raga su ba sa kashewa, kuɗinka kawai suke ci. Galibi rezin ne, wato ƙwayoyin roba masu tace ruwa, na tankin ruwan daɗi, wanda ke kama naitiret ya saki kulorayid, sinadarin da ke cikin gishiri. Yadda ake wanke shi in ya cika shi ne a jiƙa shi a ruwan gishiri, gishirin ya kori naitiret ɗin. Ruwan teku na ɗauke da kulorayid sama da miligiram 19,000 a lita, wato sa rezin a tankin murjani daidai yake da barinsa a ruwan wankinsa har abada. Haka dutsen ziyolait da ake sayarwa don kama amoniya a ruwan daɗi. Gishiri na hana shi wannan aikin, kuma dama ba naitiret yake kamawa ba.

Wasu ma ba sa turo komai. A biya tukuna a asusun wani mutum, bayan kwana biyu a ce kaya sun maƙale sai an ƙara kuɗin kwastan, daga nan a toshe lambarka. Cinikin biri a sama ke nan. Hotunan tankin da suke sawa sau da yawa na wasu ne daga Turai ko Amurka. A nemi kiran bidiyo kai tsaye a gaban tankin, a ce ya juya kwalbar a ga jerin abin da ke ciki, lambar rukunin da aka yi ta, ranar lalacewa, da hatimin murfi. Wanda ya ce haɗin sirri ne ba a faɗa, a rabu da shi. Wanda kuɗinsa ya riga ya tafi ya adana rasit da hirarsu, ya sanar da bankinsa a ranar, kuma a Najeriya ana iya kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC.

In kwalbar ta riga ta zo hannu, kada ta kusanci tanki. A ɗebi lita 10 na tsohon ruwan tanki a bokiti biyu, a sa famfon iska a kowanne, a zuba maganin a ɗaya bisa awon da aka faɗa, a bar ɗayan. A gwada bayan awa ɗaya, bayan kwana ɗaya, bayan kwana uku, da kayan gwajinka, ba nasa ba. In lamba ta faɗi cikin awa ɗaya sannan ta dawo bayan kwanaki, gwajin aka yaudara. In ruwa ya yi fari, abincin bakteriya ne. A ɗiga kaɗan a faranti ya bushe. In ya yi danƙo, sukari ne. Shuɗin kuwa, a tsoma sabuwar ƙusa da aka goge a ciki na 'yan mintoci. In ta yi ja, jan ƙarfe ne. Rashin yin jan bai wanke shi ba, sai an gwada da kayan gwajin jan ƙarfe. Kada a ɗanɗana.

In kuma an riga an zuba a tanki, a daina nan take. A karkata famfo ya riƙa motsa saman ruwa, a sa famfon iska, a bar sikima tana aiki, a sa sabon gawayi, a canza kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na ruwan. In jan ƙarfe ake zargi, a kwashe murjani da jatan lande zuwa wani mazubi mai sabon ruwan gishiri, a sa abin tsotse jan ƙarfe irin su CupriSorb ko Poly-Filter, a ci gaba da gwaji har ya daina nunawa.

Ainihin gyaran naitiret kuwa daga ruwan da ake haɗa gishiri da shi yake farawa, kuma wannan ya shafe mu ƙwarai. Ruwan rijiya da na burtsatse, musamman kusa da masai ko gonar da ake zuba taki, kan zo da nasa naitiret ɗin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da har miligiram 50 a lita a ruwan sha, don haka ruwan da ya dace a sha, har da fiya wata, zai iya zama shi ne ke cika maka tanki. A gwada shi kafin a zargi kifi. Abin da ya dace shi ne ruwan na'urar tace ruwa ta RO/DI wanda ma'aunin TDS, mai auna abin da ke narke a ruwa, ke nuna sifili. Lokacin hunturu ruwa na saurin ƙafewa. Da wannan tataccen ruwan ake cikawa, ba ruwan gishiri ba, domin gishiri ba ya tashi.

Da ruwa mai tsabta, lissafin canji a fili yake. A tankin lita 300, canjin lita 60 na cin gishiri kilo biyu da ɗan ƙari don a kai nauyin 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin gishirin ruwa, kuma yana sauke 50 zuwa 40. Na biyu ya kai 32, na uku wajen 26, na huɗu wajen 20, in ba a ƙara datti sosai a tsakani ba. A daidaita zafi da gishirin sabon ruwan da na tanki kafin a zuba. A rage abinci zuwa abin da kifi za su cinye cikin minti ɗaya ko biyu, a narkar da daskararren abinci a tsiyaye ruwansa, a canza safar tacewa duk kwana biyu ko uku, a wanke soso, a hure dattin da ke cikin ramukan dutse kafin a zuƙe ruwa. Mai tankin ƙasa, wato ƙaramin tankin tace ruwa da ke ƙarƙashin babban, ya sa ciyawar Chaetomorpha da fitilarta ta kanta da dare, ya riƙa yanke wani ɓangare yana zubarwa, domin yankewar ce fitar da naitiret.

Wanda zai ciyar da bakteriya ya yi da farin khal mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, ya fara da kamar mililita ɗaya ga kowace lita 100 a rana, da sirinji, da rana, ya riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan duk mako yana gwaji. Kada ya fara sai yana da sikima da inbata ko famfon iska mai batiri. Ya auna fosfet ma, wani sinadarin datti da shi ma ke taruwa a tanki, domin bakteriya na buƙatar duka biyun. In fosfet ya ƙare, naitiret zai tsaya cak komai yawan khal ɗin. A riƙe fosfet wajen 0.03 zuwa 0.1 ppm.

Sifilin da ake tallar ma ba abin nema ba ne. Murjani na da ƙananan halittu a cikin namansa da ke buƙatar ɗan naitirojin. In ya yi yawa murjani kan koma ruwan ƙasa, in ya ƙare ƙaf sai ya koɗe, kuma wata yauƙin ruwan ƙasa mai kumfa, mai wuyar magani, kan mamaye yashi. Ga tanki mai murjani iri iri, tsakanin 2 da 10 ppm ya wadatar, masu laushin jiki ma suna jure fiye da haka. Daga 50 zuwa 10, a ba shi wata ɗaya zuwa biyu, ana gwaji rana ɗaya a kowane mako ana rubutawa.