Baho shida na saya don yin lambu, uku ne suka ga damina

Gidan haya muke a Kano, kuma tsakar gidan siminti ne tun daga bakin zaure har ƙofar kicin. Ranar da na tambayi mai gidan ko zan fasa ɗan wuri a gindin katanga in shuka alayyahu, dariya ya yi ya ce, "Hajiya, fasa abinki, amma ranar tashi ki mayar min da shi yadda kika same shi." Na tuna kuɗin buhun siminti, na ja bakina na yi shiru.

Abin da ya tayar da maganar kuma shi ne tsadar kayan miya a tsakiyar 2024, lokacin da kwandon tumatir ya haura naira dubu ɗari a wasu kasuwannin ƙasar nan, mu nan muna sayen ƙwaya huɗu kamar masu sayen tuffa. Kuka da busasshiyar kuɓewa muka yi ta sha har yara suka fara tura kwano gefe. Da damina ta ja baya, sai na ɗauki jaka na nufi layin 'yan roba a Kasuwar Sabon Gari.

Wani dattijo na samu, rumfarsa cike da baho iri-iri an jera su har sama. Ya ce, "Hajiya, na wanki ko na wankan jariri?" Na ce, "Shuka zan yi a ciki, Baba." Bai nuna mamaki ba. Ya sa ƙafa ya turo min wani baƙi ƙirin, mai kauri, mummuna, irin wanda masu wankin mota ke amfani da shi, ya ce, "In a rana zai zauna, wannan ne naki. Waɗancan masu kyan na ɗaki ne." Baƙin naira dubu huɗu, masu launin dubu biyu da ɗari biyar. Ni kuwa idona na kan wani ja mai sheƙi da shuɗaye biyu, ina hango yadda za su ƙawata tsakar gida. Sai na raba ƙafa, na ɗauki uku nan, uku can. Kowannensu yana cin ruwa kusan jarka biyu, wato wajen lita 50, zurfinsa kuma taƙi ɗaya da ɗan ɗori.

Maganar dattijon nan ta tabbata kafin azumi ya wuce. Jan ne ya fara koɗewa ya koma kalar ruwan hoda, sannan in ka shafa jikinsa sai wani farin gari ya biyo hannunka. A watan Afrilu babban yarona ya kama bakinsa zai ja shi gefe, bakin ya ɓalle a hannunsa kamar tsohuwar ƙwarya, tsaga ta bi har ƙasa. Shuɗayen suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. Baƙaƙen kuwa har yau in na buga su da ƙafa, ƙarar lafiya suke yi. Dalilin ba boyayye ba ne: hasken rana yana cin jikin roba har ta bushe ta yi ƙaƙas, shi kuwa baƙin garin da ake zuba wa baƙar roba, irin wanda ya sa tayar mota ta zama baƙa, yana tare hasken kada ya shiga ciki. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, ni kuwa a nan adon ne ya cuce ni.

Akwai abin da ya kamata mai saye ya duba kafin ya biya. Ka kifa bahon ka duba gindinsa. Wasu suna da 'yar alama mai kusurwa uku da lamba a tsakiya, kuma masu lamba 2 da 5 su ne irin robar da aka saba zuba abinci a ciki. Da yawa a kasuwa ba su da alamar komai, musamman baƙaƙen, don sau da yawa da narkakkiyar tsohuwar roba ake yin su, irin wadda 'yan jari-bola ke tarawa. To sai ka kai hanci. Wanda ke warin baƙin mai ko magani, ajiye wa mai shi kayansa. Ni sai da na shinshina wajen guda takwas kafin na zaɓi ukuna, Baban yana kallona yana murmushi. Na wanke su, na bar su kwana uku a rana. Kuma kada araha ta ja ka ga durom ko jarkar da aka taɓa zuba maganin feshi a ciki, ko da kyauta ce. Abin da za ka ci ne zai fito daga wurin.

Huda gindin kuwa, da ƙusa mai inci shida na yi, in gasa ta a gawayi in riƙe da filaya. Wuƙa ko guduma tsaga robar suke yi. A waje ake yi, don hayaƙin narkakkiyar roba ba abin shaƙa ba ne. Kuskurena na farko shi ne na huda ƙasan kawai na dire su a kan siminti. Nauyi ya danne hujin, ruwa ya rasa hanya, bayan mako biyu ƙasar ta fara tsami, tsiron ya yi rawaya ya kwanta. Da na tono sai ga saiwa ta ruɓe. Yanzu kowane baho yana kan guntayen bulo uku, na kuma ƙara huji shida a gefe, yatsa biyu daga gindi. Wata maƙwabciya ta ce in shimfiɗa tsakuwa a ƙasa don ruwa ya wuce. Na gwada a baho ɗaya, ban ga abin da ta ƙara ba, illa ta cinye min zurfin da dama bai ishe ni ba.

Inda na fi shan wahala shi ne ƙasa, kuma nan ne nake ganin yawancin masu cewa sun gwada abin bai yi ba suke faɗuwa. Ƙasar da ke noma lafiya a gona, in ka kulle ta a roba kana mata ban ruwa kullum, sai ta danƙare. Ni jar ƙasa na sa yara suka ɗebo min daga wani fili, cikin wata guda ta koma kamar tubali, in na zuba ruwa sai ya bi gefe ya fita ba tare da ya jiƙa tsakiya ba. Sai da na juye komai na sake haɗi: kwano biyu na ƙasa mai ɗan yashi, kwano ɗaya na tsohon kashin awaki wanda ya riga ya ruɓe ya daina wari, kwano ɗaya na ɓuntun shinkafa da ake samu wurin masu injin casa. Ɓuntun nan shi ne sirrin, shi ke hana ƙasar haɗewa, yana kuma rage nauyi. Kashin kaji ɗanye kuwa, na gwada sau ɗaya don maigidana ya samo min buhu kyauta, ya ƙone min latas tas cikin kwana huɗu. Yana da ƙarfi, amma sai ya yi watanni a ajiye tukuna.

Da na ambaci nauyi: baho ɗaya cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa ya fi buhun siminti. A ajiye shi inda zai zauna kafin a cika. Masu zama a bene su yi wannan lissafin kafin su jera goma a baranda.

To me ya yi, me bai yi ba? Alayyahu dai kamar don baho aka halicce shi. Mako uku zuwa huɗu da shuka na fara yanka, kuma in ka yanke sama ka bar gindin sai ya sake tohowa, har sau uku nake ci kafin ya fara fure in tuge. Albasar da ta tsira a kwandon kicin, wadda da zubarwa nake yi, yanzu binne ta nake, lawashi ba ya yanke mana. Latas ya yi kyau ƙwarai a lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Janairu, da zafi ya shigo sai ya miƙe tsaye ya yi ɗaci. Na'a-na'a na ba ta baho nata ita kaɗai, don in ka haɗa ta da wani sai ta mamaye wurin. Attaruhu ya gwada haƙurina, wata uku ina kallon ganye, amma da ya fara bai tsaya ba. Karas ya fito a murɗe, gajere, don ya tarar da gindin roba ya rasa inda zai bi.

Tumatir, wanda dominsa na fara duk wannan, shi ne ya ba ni kunya. Laifina ne rabi. Kwaɗayi ya sa na dasa huɗu a baho ɗaya, alhali guda ɗaya ne ya dace, kuma yana son zurfin da ya kai santimita 30 ko fiye, abin da bahon wanki bai kai ba. Na kuma makara wurin dashe, furen ya zo daidai shigowar zafi. A Kano watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, a irin wannan yanayin furen tumatir zubewa yake yi bai ƙulla ba. 'Yan da suka ƙulla, wasu gindinsu ya yi baƙi ya lotsa, abin da ke faruwa in ƙasa ta bushe yau ta jiƙe gobe. Sannan ga tsutsar nan da manoma ke kira Sharon, wadda ta yi ɓarna a gonakin Kano da Kaduna a 2016. Na ɗauka ba za ta san hanyar gidan haya ba, sai na ga fararen zane a cikin ganye. Duk abin da na tsinka a kakar bai cika kwano biyu ba. Wanda ke tunanin baho zai raba shi da kasuwar 'Yan Kaba wurin sayen tumatir, ya sake shawara.

Baƙin bahon ma yana da nasa aibin, kuma Baba bai gaya min wannan ba. Da azahar a bazara ba ka iya ɗora tafin hannu a jikinsa. Saiwar da ke kusa da bango dahuwa take yi, sai ka ga shuka ta yi laushi alhali ƙasar da danshi. Na yi kwana biyu ina ƙara ruwa ina ƙara lalata abin kafin na gane. Maganin da na samu: na naɗe kowanne da tsohon buhun algarara, in na zo ban ruwa in ɗan jiƙa shi, na rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa, sannan muka taru da maigidana muka tura su gindin katangar yamma, inda suke shan hantsi, rana na karkatawa inuwa ta rufe su. Tun daga nan abin ya daidaita.

Ruwa kuma kuɗi ne, tunda wurin 'yan ga-ruwa muke saye. A bazara safe da yamma ne, in ka tsallake rana ɗaya ka gani a ganye. Da jarka zan riƙa saye musamman domin shuka, da alayyahun kasuwa ya fi min sauƙi. Sai na ajiye bokiti a inda muke alwala, na haɗa da ruwan wankin shinkafa da na kayan miya, shi ke ɗaukar mafi yawan nauyin. Ruwan wanki mai omo ko bilic ba na zubawa. Da damina ta sauka sai matsalar ta juye: ruwan sama yana wanke takin ya fita ta huji, ganye ya yi fari-fari, sai na riƙa barbaɗa tafi biyu na taki duk bayan mako uku. A kula kuma kada ruwa ya kwanta a ƙarƙashin baho, sauro ba ya buƙatar gayyata.

Ƙadangaru da kazar maƙwabta sun ci rabonsu kafin in rufa wa tsiron tsohon gidan sauro. Darɓa kuma ganyen darbejiya nake dakawa in jiƙa ya kwana, in tace, in ɗiga ɗan sabulu in yayyafa da yamma.

Surukata da ta zo daga ƙauye ta tsaya ta ƙare wa lambun kallo ta ce, "Ikon Allah, 'yar nan, yau ga noma a kwano." Ta yi mako biyu da mu. Ranar komawa ita da kanta ta ce, "Ɗan yanko min ganyen nan in tafi da shi, ya fi na bakin rafi taushi." Na ce, "To, Hajiya," na cika mata leda.

Na gwada buhu ma, wanda ake ta yayi yanzu. Ya fi araha nesa, saiwa kuma tana shan iska a cikinsa, amma rana ta cinye shi cikin 'yan watanni, ƙasa ta zube a tsakar gida. Abin da ya ba ni mamaki shi ne jarkar man gyaɗa mai lita 25, rawayar nan. Na yanke samanta na dasa attaruhu ɗaya-ɗaya. Ta fi baho zurfi, ba ta ɗaukar zafi kamar baƙin, mutum ɗaya yana iya ɗaga ta. In tumatir zan sake, a ciki zan yi, kuma a watan Oktoba zan dasa. Baho kuwa na ganye ne, faɗinsa shi ne amfaninsa.

Makon jiya na koma rumfar don in cike gurbin ukun da suka fashe. Dattijon ya gane ni tun daga nesa. Ya ce, "Hajiya mai lambu, ina jan nan?" Na ce, "Ya riga mu gidan gaskiya, Baba." Ya yi dariya har da tafa hannu, ya kira yaronsa ya ce ya sauko da baƙaƙe uku. Kuɗinsu ya ƙaru, amma ya rage min ɗari biyar a kan kowanne, da sharaɗin in zo masa da na'a-na'a ta shayi.