Sharhi kan MySQL 8.0: sauya saitin binlog ba tare da kashe saba ba

Duk wanda ya riƙe rumbun bayanai na MySQL a zamanin sigar 5.6 ya san wahalar da ke cikin komawa tsarin GTID, wato lambar shaida da ake bai wa kowace hada-hada domin sabar kwafi (kwamfutar da ke kwafe bayanan babbar saba) ta gane inda ta tsaya: sai an dakatar da rubutu, an kashe babbar saba da duk masu kwafe mata, sannan a tayar da su da sabon saiti. Wannan sharhi ya duba yadda sigar 8.0, wadda kamfanin Oracle ya fitar a watan Afrilun 2018, ta rage irin wannan wahala ta kashe saba domin sauya saiti, da kuma wuraren da har yanzu ba ta kai ba.

Babban abin yabo shi ne umarnin SET PERSIST. A da, idan mai kula da saba ya sauya wani saiti da SET GLOBAL, sauyin yana aiki nan take amma yana ɓacewa da zarar saba ta sake tashi, sai fa idan ya tuna ya rubuta shi da hannunsa cikin my.cnf, fayil ɗin saitin da saba ke karantawa idan za ta tashi. Yanzu umarni guda ya wadatar, domin MySQL tana aiwatar da sauyin sannan ta adana shi cikin fayil mai suna mysqld-auto.cnf. Ta wannan hanya ana iya gyara saitin binlog, wato kundin da saba ke rubuta sauye-sauyen da aka yi wa bayanai, kamar sync_binlog, da binlog_row_image, da binlog_expire_logs_seconds, wa'adin ajiye kundin, wanda asalinsa daƙiƙa 2592000 ne, wato kwana 30. Idan faifai ya kusa cika saboda tarin kundin binlog, rage wannan wa'adi ba ya buƙatar a katse wa kowa aiki.

Komawa GTID ma ya zama mai sauƙi tun daga sigar 5.7.6, kuma a ganina nan ne aka fi nuna ƙwarewa. Ana fara sanya enforce_gtid_consistency a kan WARN domin a ga ko akwai umarnin da manhaja ke aikowa wanda bai dace da tsarin ba, a gyara shi, sannan a mai da shi ON. Daga nan gtid_mode zai bi matakai huɗu, daga OFF zuwa OFF_PERMISSIVE, zuwa ON_PERMISSIVE, zuwa ON, kuma saba ba ta yarda a tsallake ko ɗaya. Dole ne kowace saba ta kammala mataki kafin a wuce na gaba, kuma kafin na ƙarshe sai ma'aunin Ongoing_anonymous_transaction_count, mai ƙirga hada-hadar da ke gudana ba tare da GTID ba, ya sauko sifili. Aikin yana cin lokaci, amma masu amfani da manhaja ba sa jin komai.

Sai dai rashin kashe saba ba ya nufin sauyi ya shafi kowa nan take, kuma a nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Idan aka sauya binlog_format daga STATEMENT (rubuta umarnin kansa a binlog) zuwa ROW (rubuta layukan da suka sauya), sababbin haɗi ne kawai za su ɗauki sabon salon, tsofaffin kuwa za su ci gaba da rubutu yadda suka saba har sai sun katse. Manhajar da ke riƙe haɗinta na kwanaki tana iya ci gaba da tsohon salo alhali mai kula ya ɗauka an gama. A sabar kwafi kuma sai an tsayar da kwafin tukuna. Tun daga 8.0.34 Oracle ta ayyana cewa saitin kansa yana kan hanyar ritaya, ROW ne zai rage.

Akwai kuma saitin da har yanzu ba sa motsi sai an sake tayar da saba, musamman log_bin, mai kunna binlog, da log_replica_updates, mai sa sabar kwafi ta rubuta abin da ta kwafo cikin nata binlog. Abin da aka yi shi ne kunna su tun asali a 8.0, wanda ya rage buƙatar taɓa su, kuma SET PERSIST_ONLY yana ba da damar ajiye wasu irin waɗannan sauye-sauye su jira tashi na gaba. Wannan sassauci ne, amma bai kawar da matsalar ba. PostgreSQL 17, wata manhajar rumbun bayanai, ita ma tana da irinta, domin saitinta na wal_level ba ya sauyuwa sai an sake tashi.

Abin da ya fi damuna shi ne fayil na biyun nan. Ana karanta mysqld-auto.cnf bayan my.cnf, saboda haka abin da ke cikinsa ne ke rinjaye. Ma'aikaci zai iya gyara my.cnf, ya sake tayar da saba, ya ga babu abin da ya canza, domin wani abokin aikinsa ya taɓa yin SET PERSIST watanni da suka wuce. Teburin variables_info da ke cikin performance_schema yana nuna daga ina kowane saiti ya fito, da wanda ya sanya shi, da lokacin, kuma RESET PERSIST yana goge saitin daga mysqld-auto.cnf, amma sai wanda ya san ya duba can.

Ga ofishin da ke da mai kula ɗaya ko biyu, wannan tsari ya cancanci a dogara da shi. Inda hannaye suka yi yawa, shawarata ita ce a taƙaita izinin SYSTEM_VARIABLES_ADMIN, mai ba da damar sauya saitin saba, ga mutane kaɗan, kuma a amince tun farko kan fayil ɗaya da za a riƙa rubuta saitin kwafi a cikinsa.