Jiragen ruwa na katako a wani shagon sassaƙa da ke Samaru

A Samaru, kusa da Jami'ar Ahmadu Bello, akwai wani ƙaramin shagon sassaƙa da ya fi mayar da hankali ga jiragen ruwa da kwale-kwale na ado. Samun irin wannan shago a nan ba abin mamaki ba ne, domin tun 1958, lokacin da su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane suna ɗalibai, aka san Zariya da wannan fanni.

Abin da ya fi kyau a shagon shi ne kwale-kwalen da aka sassaƙa da icen maɗaci, aka kwaikwayi jirgin Dufuna, wanda wani makiyayi ya gano a 1987 yana haƙa rijiya a yankin da yake jihar Yobe a yau. Tsawon na asalin ya haura mita 8, kuma masana sun ƙiyasta shekarunsa da kimanin 8,000. Masassaƙin ya rarake cikinsa daga gungume guda, ya sirantar da baki da gindi, sannan ya bar sawun gizago a jikinsa bai goge ba, wanda a ganina shi ne ya ba aikin kwarjini. Hannunsa ya san wannan siffa, kamar mutumin da ya daɗe yana kallon masunta a kogin Galma.

Manyan jiragen teku kuwa ba su kai haka ba. Wanda aka yi a siffar jiragen Zanzibar masu ƙyalle mai kusurwa uku ya yi faɗi fiye da kima, igiyoyinsa na roba ne, kuma an lafta masa man sheƙi har ya rufe launin icen. Da gani daga hoton waya aka ɗauko shi.

Babu siffar mutum ko dabba a kan ko ɗaya, saboda haka magidancin da yake ƙyamar mutum-mutumi zai iya ajiye su a falonsa. Ana yin ciniki, kuma farashin kwale-kwalen bai wuce misali ba. Sai dai mai saye ya tambaya ko icen ya bushe sosai kafin a sassaƙa shi, domin ɗanyen ice yana tsagewa da zarar hunturu ya kama, kuma na ga guda biyu a kan kanta da suka riga suka fara buɗe baki ta ƙasa.